Malam Shitu Ya Koma Sabuwar Kwamfuta

Hajiya Habiba shekarunta saba'in da shida, kuma ita ce babba a gidansu da ke Bebeji tun rasuwar mijinta, Malam Shitu. Jikanta Hafizu yana da shagon tura wa mutane finafinai da wa'azi a waya. Ranar Talata ya sayi sabuwar kwamfuta, ya zauna yana kwashe kayan tsohuwar, wadda wani mutumin Kiru zai zo ya ɗauka bayan la'asar, a goge ta tas. A cikinta ne bidiyon Malam Shitu yake, kuma babu wani a ko'ina. Sai ga Hajiya da kwano a rufe.

"Lafiya lau, amarya," in ji Hafizu. "A ƙafa kika tako? Kewata ce ta hana ki zama?"

"Wa zai yi kewar miji mai wuyan zalɓe? Inuwa na zo sha. Me kake ta dannawa?"

"Ƙaura muke yi. Kowa ya tashi, saura tsohon mijinki. Shi kam a nan za mu bar shi, yau ya kwana a Kiru."

"A bar shi mana. Me na haɗa da shi?"

"Madalla. Dama ba na zama gida ɗaya da abokin takara."

Hajiya ta gyara mayafi. "Amma ɗan mitsitsi ne. Ko da yana da rai, rabin tabarma yake ci."

"Babu wuri. Finafinan Indiya sun cika ɗakunan."

"Ja'iri! Baƙi sun samu ɗaki, mai gida yana waje? Wa ya saya maka wandon farko?"

"Wai me ya faɗa a bidiyon ne? Yana zaune a gona yana cewa furarki ruwa ce zalla. Mutuncinki nake karewa."

"Furata, shi ya san ta. Kai da ko gero ba ka taɓa sayo mini ba!"

Ta tura masa kwanon, muryarta ta yi ƙasa. "Hafizu, la'asar ta kusa."

Hafizu ya yi dariya, ya juyo mata da sabuwar kwamfutar. Ga Malam Shitu a gindin ɗorawa, da ƙwarya a hannu.

"Shi na fara ɗaukowa tun da safe, Kaka. Na sa miki shi a waya ma."

"Allah ya shirye ka. Sha furarka."

Ya kurɓa. "Wallahi tsohon bai yi ƙarya ba."

Jiya Hajiya ta sake komawa shagon, ta ce a waya ya cika ƙanƙanta, a kunna mata a babban allo. Da Malam Shitu ya kai inda yake cewa furar ruwa ce, sai ta ce masa, "To, ajiye mana." Ta zauna tana kallo har ya shanye.