Babur Aka Ba Ni, Man Basir Nake Nema

A tsaye nake rubuta shafin wannan mako, takardar tana bisa katangar zaure. In kun ga zancen ya karkace, kada ku zagi masu buga jarida. Basir ne ya tasa ni gaba. Na faɗa muku ne don na san surukata, Iya Maiturare, ba ta karanta boko, kuma duk wanda ya ɗauki jaridar nan ya je ya karanta mata, ban yafe ba. Masu dariya a cikinku kuwa, na san da yawa a karkace suke zaune yanzu haka. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Babu abin da ban sha ba. Na sha jiƙo, na sha saiwa, na sha garin da mai motar amsa-kuwwa yake sayarwa ranar kasuwa, wanda ya rantse yana maganin basir da shawara da mantuwa. Matata Zinariya ta ɓoye yaji, ta hana ni tsire, ta koma ba ni zogale safe da yamma har na fara jin tausayin awaki. Da abin ya kai ina zaman tahiya kamar mai zama kan ƙaya, sai na sa hula na nufi kemis ɗin Nwafor.

Nwafor ya daɗe a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu. Na jira shagon ya watse, na sayi maganin ciwon kan da ba na buƙata, sannan na matsa na raɗa masa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan kwali, ya nuna mini, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ya ce man shafawa ne mai haɗi biyu: ɗaya yana sace kumburi, irin mai ƙarfin nan da likitoci ke kira sitiroyid, ɗayan kuma yana kashe zafin wurin har mutum ya manta da shi na ɗan lokaci. Ina jin haka na zura hannu aljihu.

“Malam Mainasara, mayar da hannunka,” in ji shi. “Wannan sai da takardar likita. Ba duk jinin da ya fito ta nan ne basir ba, sai an duba. Kuma in ka zarce da shafa shi, fatar wurin lalacewa take yi.”

Ku ji wani ikon Allah. A ƙasar da za ka sayi allura a kan faranti a tasha, a yi maka ita a bayan mota, ni ne na faɗa hannun mutum ɗaya tilo mai bin doka. Na yi masa magiya da zaman tare, na tuna masa ranar da na taya shi tura mota. Ya ce ya gode, amma takarda.

Washegari na tafi ƙaramin asibitin wata unguwa da ba zan ambata ba, a ƙafa, don ni da ɗan acaɓa mun raba hanya. Tun daga nesa na ga an sha fenti, an kafa rumfuna, makaɗa suna gwada ganga. Ashe ranar ce Mai Girma Jagoran Yanke Kirtani, Uban Marayun da Suka Zo Taro, zai ƙaddamar da sabuwar ƙofar asibitin. Asibitin kansa an sha ƙaddamar da shi, saura ƙofa. Marasa lafiya kuwa an kwashe su an kai bayan katanga, don kada su ɓata hoto. Na leƙa ɗakin magani ta taga, ban ga komai a kan kanta ba sai kalanda mai hoton Mai Girma yana murmushi. Likitan da nake nema, Dakta Zakiyyu, shi kaɗai ne a asibitin, kuma an zaunar da shi a rumfar manya, a bayan kujerar Mai Girma, da farar rigarsa don ta fito a hoto.

Na ce to, zan jira. An jera bencina a rumfar maza, kowa ya samu wuri, har wani bawan Allah ya matsa mini. Na ce masa na gode. Na koma gefe na tsaya cikin rana, daidai inda likita zai iya ganina, ina ɗan ɗaga masa gira.

Mai Girma ya iso bayan azahar a taron da aka ce na safe ne. Ya karɓi abin magana ya fara daga tarihin ƙofa. Ya bayyana mana cewa kafin zuwansa, mutanen unguwar nan ta taga suke shiga asibiti. Aka yi tafi. Ya ce nan ba da jimawa ba za a kawo magani, an ma kafa kwamitin da zai je ƙasar waje ya ga yadda magani yake. Aka sake tafi. Ni dai ina tsaye, gumi yana bin bayana yana sauka daidai inda bai kamata ba.

Can sai ya nuna ni da yatsa. Ya ce jama'a su dubi wancan talakan. Tun da ya fara magana kowa ya zauna, amma wannan bawan Allah ya ƙi zama saboda tsabar biyayya. Kafin in ankara 'yan banga sun ɗauke ni cak sun dire a kan mumbari. Mai Girma ya dafa kafaɗata, ya kara mini abin magana a baki.

“Faɗi abin da ke damunka a gaban jama'a. Yau kukanka ya ƙare.”

Jama'a, ga likita a bayana, hannu kawai zan miƙa in taɓa shi. Kalma ɗaya ce tsakanina da lafiya. To amma tun da aka kawo Shari'a ake raba rumfar mata da ta maza, a sa labule a tsakani, kuma na yaba da hakan. Sai dai amsa-kuwwa ba ta san labule ba. Ta wata ɓarakar labulen na hango Iya Maiturare a sahun gaba, ta gyara mayafi, tana faɗa wa na kusa da ita cewa mijin 'yarta ne. Matar da ko tari ban taɓa yi a gabanta ba. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji tausayin kaina. Na ce, “Ranka ya daɗe, abin ba ya faɗuwa.”

Mai Girma ya juya ga jama'a ya ce kun ji kunyar talaka. Ya ce shi ya san ciwon talaka ko bai faɗa ba, domin shi ma jikan talaka ne ta wajen uwa. Ya tafa hannu, sai ga sabon babur an turo, an ɗaura masa kirtani a wuya. Tun safe yake ajiye a rana, kujerarsa baƙa wuluk tana ƙyalli. Aka ce in hau a ɗauki hoto.

Na ce ban iya ba. Aka ce zama kawai zan yi. Na dubi likita, na ga ya runtse ido, ashe tun daga tsayuwata ya gane. Na yi bisimilla na zauna.

Ba zan kwatanta muku ba, don akwai yara masu karanta jarida. Hawaye dai suka zubo mini shar-shar, Mai Girma ya ce a ɗauki hawayen farin cikin da kyau. Da aka zo tayarwa aka tarar babu mai a ciki, domin wanda aka aika sayowa yana layin gidan mai tun jiya. Don kada taro ya lalace sai 'yan banga suka tura ni, muka zagaya fili a kan tsakuwar da aka zuba don bikin, makaɗa na bin mu, mata na guɗa. Muryar surukata ta fi ta kowa. Da muka dawo aka sauke ni, aka ce za a tafi da babur a yi masa rajista. Wani direba ya gaya mini a Sandamu da Zango ma wannan babur ɗin aka bayar, kuma can ma rajistar ake yi.

Bayan an watse Dakta Zakiyyu ya ja ni ɗakinsa, ya duba ni, ya ce basir ne kuma bai kai na aiki ba. Ya rubuta mini takardar. Ya ce in wanke wurin in shafa kaɗan safe da dare da bayan na zagaya, kada in wuce mako guda, in yawaita shan ruwa da cin ganye, in kuma daina daɗewa a ban-ɗaki ina tunanin ƙasa. Mutumin kirki ne, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ina fita na ji yana faɗa wa wani na hannun daman Mai Girma cewa sun ɗora mai basir a kan babur, alhali ɗan man shafawa yake nema, kuma irinsa sun cika garin nan. Na ji daɗi da aka samu mai faɗa musu gaskiya. Ban san za su ji ba.

Da safe na isa wurin Nwafor da takardata, ina ɗaga ta kamar wanda ya ci jarrabawa. Ya karanta, ya ce madalla, sannan ya nuna mini kantar. Wayam. Ya ce da asuba mutanen Mai Girma suka zo da takardar wani babban likita mai hatimi, suka kwashe nasa da na sauran kemis-kemis na gari. An kafa sabon shiri na tallafa wa masu basir. Ranar Asabar za a raba man kyauta a garin Babban Mutum, za a kira kowa da sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu ta amsa-kuwwa, ya hau mumbari ya karɓa, a ɗauki hoto. Na tambaye shi yaushe wani zai iso daga Kano. Ya ce sai mota ta samu mai.

Don haka ina miƙa godiya ga Mai Girma, shugaba mai jin koken talaka da gaggawa. Zinariya ta wanke mini babbar riga, na kuma yi magana da mai a-kori-kura zai tafi da ni a tsaye a baya. Na so in tafi a ɓoye, amma Iya Maiturare ta aiko cewa tun da Mai Girma ya san ni, ba za a sake kiran sunana a taro ba tana gida. Ta ce in tsaya mata a bakin titi, kuma ta gayyaci ƙawayenta.