Kanun Labarai da Kujerar Gidan Gaba

Allah ya yi wa garin Bukkuyum baiwa iri-iri: gero, dawa, wake, da kuma Malam Lukman. Ukun farko sai an jira damina. Shi kuwa Malam Lukman rani da damina yana ba da amfani, ko an nema ko ba a nema ba.

Mutumin kirki ne, kada wani ya je ya ce na faɗi wani abu daban. Ba ya zagi, ba ya rigima, yana durƙusa wa manya. Abu ɗaya ne kawai: ya san duniya, kuma sanin ya yi masa yawa har ba ya iya ɗaukarsa shi kaɗai. In ka ce masa ina kwana, zai amsa, sannan ya gaya maka yadda aka kwana a Jakarta. In ka yi kukan tsadar manja, zai ja ka inuwa ya nuna maka cewa maganar daga Malesiya ta taso. Shi ya sa 'yan tasha suka laƙa masa Kanun Labarai. Ya ji sunan, ya gwada shi, ya ga kamar tela ne ya auna masa, sai ya sa aka rubuta a saman ƙofar zaurensa da fenti mai kyau.

Abin mamaki, duk wannan ilimi aikin wucin gadi yake yi a wani ofis, shekara da shekaru, yana jera fayil yana kaɗe ƙura. Shi ya ce ba a gane shi ba ne. To, sai ga ranar ganewa ta zo: aka buɗe ɗaukar ma'aikatan gwamnati na dindindin, da jarrabawa a kwamfuta a Gummi, kuma aka ce kaso mai tsoka na tambayoyin a kan al'amuran yau da kullum ne. Masu nema sun fi tururuwa, guraben kuwa ba su cika tafin hannu ba. Bana ce damarsa ta ƙarshe, domin baɗi shekarunsa sun haura ƙa'ida. Ya san haka. Mahaifiyarsa Inna Marka ma ta sani, don ita ta haife shi, kuma ba ta daina roƙa masa aikin nan a kowace salla ba.

Da wani ne, da ya shige ɗaki ya yi karatunsa shiru. Malam Lukman ba mai rowa ba ne. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jingina allo, ya sanar cewa duk mai shirin jarrabawa ya zo bita bayan la'asar, kyauta. Aka zo. Har da Khairat, ɗiyar yayarsa, wadda ita ma ta nemi gurbi.

Gaskiya bitar tana da amfani, in mutum yana da haƙuri. Ana kawo takardun tambayoyin baya, a karanta ɗaya: wace ƙungiya ce ta haɗa ƙasashen Afirka ta Yamma? Amsar kalma ɗaya ce. Malam Lukman kuwa sai ya gyara hula, ya fara daga zamanin fatake. Kafin ya iso kan amsar an kira magariba. Washegari a ɗauko tambaya ta biyu. Khairat ta taɓa cewa, cikin ladabi, Kawu, ai an ce kwamfuta ba ta jira, zaɓi kawai ake yi a wuce. Ya dube ta da tausayi.

"Ɗiyata," in ji shi, "kwamfuta ma mutum ne ya ƙera ta. Idan ta haɗu da wanda ya san asalin magana, za ta gane."

Da Hausar rediyo yake magana, ta masu karanta labarai, har da ɗan tsayawar nan kafin a ambaci sunan ƙasa. Inna Marka ta ce tun da ya fara bitar nan ba ta ƙara jin muryar ɗanta ba, sai ta baƙo.

Sunansa ya kai har Anka, amma ba ta hanyar da yake zato ba. An gayyace shi sunan jaririn wani abokinsa, aka ba shi dama ya ce wani abu a taƙaice kafin a raba goro. Ya miƙe, ya taya murna, ya ce wannan yaro ya zo duniya a wani muhimmin lokaci, sannan ya bayyana lokacin: farashin ɗanyen mai, narkewar ƙanƙara a ƙarshen duniya, da taron da ake shirin yi kan sauyin yanayi. Ya juya ga liman ya tambaye shi babban birnin Mongoliya. Liman ya ce Allah ne masani. Wainar da aka kawo da zafinta ta yi sanyi a faranti. Mutanen Anka suna da kunya, suka bar shi ya gama, amma an riƙe fuskarsa.

Ana gobe jarrabawa Inna Marka ta kira shi. Ta ce ya tafi Gummi yau, ya kwana gidan gwaggonsa, ya tashi a kusa. Kowa ya san hanyar nan ba a hawanta sai gari ya waye sosai saboda rashin tsaro, kuma gobe ba ranar kasuwa ba ce, fasinja ba yawa. Ya ce ba zai yiwu ba, akwai jawabin rufe bita da yamma, ɗalibai suna jira. Ɗaliban dai uku suka zo. Ya yi musu jawabin mutum ɗari.

Da safe ya fito cikin babbar riga ta shadda, fara sol, sitaci ya kama ta har tana ƙara in ya motsa. Biro uku a aljihu, duk da an ce ba a shiga da biro. Ya isa tasha ya tarar da motar Gummi ta kusa cika, Khairat da sauran 'yan jarrabawa sun matsu a ciki. Saura gurbi ɗaya, can kujerar baya, tsakanin buhun wake da wata tsohuwa mai kaji biyu a kwando.

Tanko kamasho, mai lodin motocin Gummi, ya ce, "Kanun Labarai, shiga mu rufe, kai kaɗai muka jira."

Malam Lukman ya leƙa, ya ga kajin, kajin suka gan shi. Ya dubi gidan gaba, kujerar kusa da direba, ya ga wani mai sayar da taki ya riga shi. Ya ja da baya. Ya bayyana wa Tanko cewa mutumin da zai sauka a gaban jami'an jarrabawa ba ya fitowa ta ƙofar baya da gashin kaza a kafaɗa. Khairat ta ce bari ta koma bayan, shi ya zauna wurinta. Ya ce wurinta ma ai ba gaba ba ne. Wata mata ta zo da goyo ta cike gurbin, mota ta tashi. Khairat tana waiwayensa ta taga har suka sha kwana.

Aka jawo mota ta biyu, ta Ɗanjuma. Malam Lukman ya buɗe gidan gaba ya zauna, ya baza riga, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Kujera ta samu mai ita.

Sai dai motar tasha ba ta san agogo ba. Cika ta sani. In ba ta cika ba, ko gwamna ne a gaba, tana nan.

Fasinja na farko wani dattijo ne mai zuwa duba shinkafarsa a fadamar Gummi. Bai gama zama ba Malam Lukman ya juyo ya tambaye shi ko ya san ƙasar da ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya. Dattijo ya ce bai sani ba. Aka sanar da shi, da tarihi. Can dattijon ya ce bari ya kama ruwa, ya sauka. An gan shi daga baya a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, ya nufi Gummi bai ko waiwayo ba.

Wasu mata biyu suka zo, suka ajiye kaya, suka ɗaga kai suka ga wanda ke gaba. Ɗayarsu 'yar Anka ce, tana gidan sunan nan. Ta raɗa wa 'yar'uwarta wani abu, suka kwashe kayansu a hankali kamar masu barin ɗakin mara lafiya. Wani Bafulatani ya zauna ya jure bayanin kuɗin ƙasashen Turai har zuwa tsakiya, sannan ya tuna yana da saƙo a cikin gari. Haka aka yi ta yi: Tanko yana lodi ta baya, Malam Lukman yana saukewa ta gaba. 'Yan kabu-kabu ba su taɓa ciniki irin na ranar ba. Ɗaya daga cikinsu har ya kawo masa ruwan sanyi, don kada murya ta dushe.

Ɗanjuma direba ya zagayo, ya dafa ƙofa.

"Malam, don girman Allah ka yi kurum. Ko ka rufe fuska da hula kamar kana kwana. Wallahi in ka yi haka, yanzu wagga mota ta cika."

"Ɗanjuma," in ji shi, "matsalar ƙasashe masu tasowa ke nan. Ana gudun ilimi."

"Ba ilimi a ka gudu ba, Malam."

Bai ji wannan ba, don ya hango wani malamin makaranta yana tahowa, ya fara gyara murya. Malamin ya hango shi shi ma, ya canza hanya.

Rana ta ɗaga, inuwar mota ta shige ƙarƙashinta. Sai a lokacin Malam Lukman ya tuna abin da ya fito da shi. Ya sauka ba sallama. Kabu-kabu ɗaya ya rage a tasha, shi ma an riga an ɗaure masa buhun gawayi a baya. Mutumin da ya ƙi zama kusa da kaji ya tattare shaddarsa ya ɗare tsakanin ɗan kabu-kabu da gawayi. An ce ko minti biyar bai yi da tafiya ba motar Ɗanjuma ta cika, ta wuce su a hanya, gidan gaba ɗauke da wata tsohuwa tana cin gyaɗa.

Ya isa Gummi rigar ta zama launi biyu. Ƙofar wurin jarrabawa a rufe, har 'yan rukunin farko, rukunin da aka sa shi, sun fara fitowa ta ƙaramar ƙofa. Ya hango Khairat a cikinsu tana dariya da ƙawayenta. Da ta gan shi dariyar ta tsaya, ta rufe baki da mayafi.

Ya tunkari mai gadi, wani dattijo mai carbi a hannu. Ya gabatar da kansa. Ya ce shi ne ya horar da rabin waɗanda ke ciki. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ana la'akari da matsalar sufuri. Ya ce a kira masa babban jami'i, ko kuma a yi masa kowace tambaya a nan tsaye, daga kowace nahiya, a gani in zai faɗi.

Mai gadi ya saurare shi har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi masa tun safe. Sannan ya nuna hannun Malam Lukman da carbi.

"To, Malam, ga agogo nan gare ka. Ƙarfe nawa yanzu?"

Malam Lukman ya duba, ya faɗa, da ƙaramar murya, irin tasa ta gida.

"Madalla," in ji mai gadi, ya koma kan bencinsa.

Wannan ita ce tambaya ɗaya tilo da aka yi wa Kanun Labarai a jarrabawar bana. Kuma a yi masa adalci: ya ci ta.