Gahawar Suruki

Kun taɓa ganin mutumin da ilimin waya ya yi wa yawa? To ku gyara zama.

Wani ne ya daɗe yana zaman banza, sai surukinsa ya aiko cewa zai zo gidan da la'asar. In ya ga yaron ya nutsu, zai damƙa masa makullin shagonsa na kayan gini. Matarsa ta ce, "Don Allah maigida, yau ɗaya ka yi kamar mai hankali. Ka san Baba ba ya son wari, ba ya son rawar kai."

Ya ce, "Wari? Kin zo wurin. Jiya na karanta a waya, tukar gahawa, wato abin da ke saura a rariya bayan an tace, ita ce maganin komai. Tana kashe warin firji da na takalmi, tana korar kiyashi, tana goge fuska. Shuka ma taki ce gare ta."

"Kai da ko shayi mai kauri ba ka iya sha?"

"Wa ya ce sha zan yi? Tukar nake so."

Ya sayo garin gahawa leda guda, ya dafa tukunya, ya tace. Ya ɗaga ruwan zai zubar, sai hannunsa ya ƙi. Ya ce, "Haba, wannan ai almubazzaranci ne." Ya kafa kai ya shanye. Tukar ta ishi firji kawai. Ya sake dafawa, ya sake shanyewa. Ta bakin taga, ta tukwanen fulawa, ta ƙarƙashin gado, kowace sai da ruwanta ya bi ta maƙogwaronsa. Ta ƙarshe ya murje fuskarsa da ita.

Matar ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi yana goge fanka a karo na ba adadi, ido a waje, gwiwa na kaɗawa.

"Inna lillahi! Me ka sha?"

"Ba komai, ba komai, lafiya lau nake, ina jin zuciyata a kunne, kin san agogon nan gudunsa ya ragu?"

Ta ɗauki tsintsiya ta share duk tukar da ya barbaɗa, ta watsar a shara. Saura ɗan dunƙule a hannunsa sai ga sallama. Tsoho ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga falo. Mutumin naku ya ɗan shinshina takalmin, ya girgiza kai, ya cusa dunƙulen ciki.

Ya shiga ya durƙusa. "Baba sannu da zuwa, ya hanya, ya jiki, ya Mama, ya siminti, ya ƙusa, ya fenti, ya..."

"Kai, ɗana, numfasa mana. Me ya sami fuskarka?"

"Gyara ne, Baba."

Tsoho ya buɗe hanci. "Ƙamshin gahawa nake ji. Ashe kana sha? Madalla. Ni fa mutumin da bai san gahawa ba, ban yarda zai iya tsaron shago ba. Kawo min kofi ɗaya."

Ya faɗa kicin. Leda wayam. Firji wayam. Ya leƙa kwandon shara, matar ta ce, "Wallahi ka taɓa, sai dai ka nemi wata matar." Ya janye hannu. Can sai ido ya ƙara fitowa. Ya zagaya ta baya, ya lallaɓa bakin ƙofa, ya dawo da abu a tafin hannu. Ya dafa, ya tace, ya zuba sukari.

Tsoho ya kurɓa, ya lumshe ido. "Kai! Wannan tana da ƙarfi. Kuma kamar na san ƙamshin nan a wani wuri."

"Ka san shi, Baba. Kun daɗe tare."

Tsoho ya shanye tas, ya zaro makulli daga aljihu, ya ce, "Raka ni, in ba ka a bakin ƙofa." Yana zura ƙafa a takalmi sai ya ji damshi. Ya zaro, safa ta yi baƙi ƙirin.

"Mene ne wannan?"

Matar na ta ƙifta masa ido, amma bakin da gahawa ke tuƙawa ba shi da birki. Ya zayyana komai, daga waya har rariya.

Tsoho ya dafe ƙirji. "Daga takalmina ka ba ni na sha?"

"Haba Baba, naka ne fa. Wani ɗan rashin kunya da daga nasa zai ɗebo maka."

Makulli ya koma aljihu. Tsoho ya kama hanya yana tofar da yawu. Mutumin ya biyo shi da gudu.

"Baba, tsakani da Allah, ɗan shinshina takalmin. Akwai sauran wari?"

Tsoho ya waiwayo. "Ina zai saura, ɗan nema? Ai na shanye shi!"