Rasuwar Bernadine a Gangaren Cutler

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Wendell Stamper na garin Cutler Gap, jihar West Virginia, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Bernadine. Ina kuma sanar da cewa gawarta ta sayarwa ce.

An haifi marigayiyar a Detroit a shekarar 1969. Ƙofa biyu gare ta, da dogon bonet, da inji mai silinda takwas, da giya huɗu ta hannu. Launinta kore ne mai duhu irin na kwalba. Na same ta ina saurayi, sabon shiga aikin ramin kwal. Ba ta taɓa tausaya mini a gidan mai ba, kuma dogon mutum sai ya naɗe kafin ya shiga kujerar baya. Amma duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san muryarta da safe: tari biyu, sai gurnani, rum-rum-rum, har gilashin tagar maƙwabta yana amsawa. A gidan mai, tsofaffi kan bar motocinsu su zo su zagaye ta, hannu a aljihu, kowa na ba da labarin tasa da ya sayar. A cikinta na fara ɗaukar Noreen, wadda ta zama matata.

Ta daɗe da ciwo, ba ta gaya wa kowa ba. Fentinta na sheƙi, kujerunta na baƙar fata ba yaga ko ɗaya, amma gishirin da ake zubawa a hanyoyinmu lokacin ƙanƙara yana cin ta ta ƙasa.

Ajalinta ya zo ranar wata Asabar ta watan Oktoba, da rana tsaka. Muna gangarawa baje kolin tsofaffin motoci a cikin gari, Noreen na gefena da farantin kek ɗin tuffa a cinyarta. Mun sha kwana ta biyu na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa, na sake. Babu komai. A gabanmu babbar motar kwal ce tana rarrafe, a hagu motoci na hawowa, a dama kuma kwazazzabo.

Na ja birkin hannu, ya yi ƙara ya saki. Na cusa giya ta biyu. Bernadine ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba, siriri, mai tsawo, kamar ana yanka ta. Gudun ya ragu kaɗan, amma bayan motar kwal ɗin sai girma yake yi a gilashi, har ina iya karanta lambarta. Noreen ba ta yi ihu ba. Hannunta ta ɗora a gwiwata, ta ce, "Wendell, hanyar tsakuwa na nan gaba, ta dama. Kada ka kalle ni."

Hanyar da take nufi ita ce ɗan hawan da aka cika da tsakuwa domin manyan motocin da birkinsu ya tsinke. Tun ina yaro nake wuce ta, ban taɓa ganin an shiga ba. Na murɗa sitiyari muka shiga. Tsakuwa ta rufe gilashi, wani abu ya daki ƙirjina, muka tsaya.

Bel ɗin motocin zamaninta a ƙugu kawai yake riƙe mutum. Na juya na ga Noreen ta kife gaba, goshinta a kan allon mota, jini na ɗiga cikin kek. Na kira sunanta, shiru. Na sake kira, shiru. Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba na son in sani. Abin da na sani shi ne injin bai mutu ba, yana ta gurnaninsa a hankali kamar muna jiran danja, ni kuwa na kasa ɗaga hannu in taɓa wuyanta, don tsoron abin da zan ji. Can ta motsa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kashe ta mana, tsoho. Kaina take sara."

Na kashe ta. Wannan ne numfashin Bernadine na ƙarshe.

An yi wa Noreen ɗinki a goshi, ƙashin kafaɗarta kuma ya tsage. Dewey Fugate, bakaniken da ya duba gawar, ya nuna mini bututun birki da tsatsa ta huda. Sannan ya soka sukundireba a ƙarfen da ke ɗauke da motar ta ƙasa, ya shige kamar cikin burodi. Ya ce ana gyarawa, ya ga waɗanda suka fi ta lalacewa sun tashi. Noreen ma cewa ta yi in gyara, wai ba za ta zauna da mutum mai kallon gareji yana ajiyar zuciya ba. Na so in ji maganarsu. Sau ɗaya na shiga na zauna a bayan sitiyari, cikin gareji, ba a ko tayar da ita ba. Gumi ya jiƙa mini riga, na buɗe ƙofa na fito. Yanzu ko a tebur muke cin abinci, sai Noreen ta ce in ɗaga ƙafa, ina taka mata yatsu. Ashe birki nake nema. Ita ke tuƙa mu coci a tata motar da hannu ɗaya, ni ina riƙe da ƙofa.

Marigayiyar ta rasu ta bar inji mai lafiya, da akwatin giya, da tayoyi huɗu da ba su yi shekara ba, da makulli biyu, da rediyon da tasha ɗaya kawai yake kamawa. Ta bar bonet a lotse da fitila ɗaya a fashe. Ta bar wata kyanwa mai kwanciya a kan bonet ɗinta, da yanzu ba ta da wurin ɗumi da safe.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar mai zuwa a garejin gidanmu, bayan cocin Baptis, daga hantsi har la'asar. Noreen za ta ba da kofi. Kuɗin gawa dala dubu goma sha ɗaya ne, kuma ana iya magana. Mai saye ya zo da tirela da majiya ƙarfi biyu, domin da hannu za a tura ta, ba za a tayar da ita a ƙofar gidana ba.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa. Kafin in karɓi ko kwabo, mai saye zai kwanta a ƙasa, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya sa yatsansa cikin ramin da Dewey ya huda. Idan ya fito, zai gaya mini sunan wanda yake niyyar ɗauka a kujerar gefe.

Mai makoki,
Wendell Stamper