Shayin Manyan Banki

Ranar da wani bankin zuba jari na Abijan zai yi wa 'yata Hadiza tambayoyin ɗaukar aiki ta kwamfuta, abu ɗaya ta roƙe ni: "Baba, don Allah kada kowa ya shigo."

Na ce to. Amma na tsufa ina tuƙa motar manyan kamfani a Arlit, na san ba a barin babban baƙo ba ko ruwa. Na naɗa rawani, na dafa shayi, na tura ƙofa.

Na gaishe da mutanen cikin gilashin kwamfutar har iyalansu. Hadiza ta raɗa mini, "Baba, ba za su iya sha ba."

Na ce, "Su dai gani." Na ɗaga butar sama sosai don kumfa ta tashi. Hannun da bai taɓa kuskure kofi ba ya juye shayin kan kwamfutar. Baƙi suka ɓace.

Da waya Hadiza ta ƙarasa amsa tambayoyin, tana hawaye tana dariya. Sun sake kiranta, har shugabarsu ta tambayi lafiyata.

Yanzu da na zauna a tasha sai direbobi su hau ihu: "Mai shayin banki ya iso, kowa ya ɓoye wayarsa!"