Rasuwar Trudy, Bindigar Delbert Haskins

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki da idanu da suka kumbura don kuka, Delbert Haskins na nan garinmu Tolliver Bend, jihar Arkansas ta Amurka, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abar ƙaunarsa Trudy, ƙaramar bindigar da ya goya a ƙugu shekara bakwai cur. Ta rasu da hantsin Alhamis, ranar Idin Godiya da dangi ke taruwa a ci talo-talo, bayan gajeriyar jinya ta minti ashirin da biyar. Shi ya roƙa a rubuta masa wannan sanarwa. Ƙanin matarsa ne ya karɓi alƙalamin, don haka wanda ya ji yaji a wani wuri, ya kurɓi ruwa ya ci gaba.

Marigayiyar ba haka kawai ta shigo gidan ba. Wata goma sha ɗaya Delbert ya yi yana zaɓe, shi da ya ga matarsa Lorene a coci ya aure ta kafin wata uku. Ya zaga kasuwannin baje kolin bindiga na jihohi uku. Ya ɗaga wannan ya ce ta yi nauyi, ya soke waccan a wando ya ce tana sukar tumbi in ya zauna. Abin da yake nema dai mai araha, mai ɗura kanta da kanta, wadda za ta lafe a ƙugu ba ta cizo. A ƙarshe wani ɗan kasuwa mai bakin zuma ya miƙa masa ita ya ce, "Dattijo, wannan ko gaban fasto ka durƙusa da ita, ba zai san kana ɗauke da komai ba." Ya biya dala ɗari biyu da tamanin, ya dawo gida yana washe baki sai ka ce an yi masa haihuwa. Jikinta roba, hancinta ƙarfe, cikinta na cin harsashi takwas.

Wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da son zaman lafiya. A tsawon rayuwarta ba ta taɓa korar ɓarawo ko ɗaya ba, don ɓarawon da ya shiga gidan Delbert sai dai tausayi ya kama shi ya ajiye masa wani abu. Gwangwanayen giya ne kawai suka san zafinta, su da akwatin wasiƙun maƙwabci, da madubin motar shi mai ita. Za mu daɗe muna tuna muryarta a bayan gida, tas! tas! sannan ƙyas, in harsashi ya maƙale mata a wuya. Ta raka shi coci, ta raka shi wurin likitan haƙori, har jana'izar mahaifiyarsa da ita aka yi.

Maƙiyiya ɗaya ta yi a duniya, ita ce Rayanne, 'yar Delbert tilo. Shekara biyu da suka wuce Rayanne ta kawo 'yarta Josie hutu, yarinyar tana da shekara huɗu. Delbert ya ci ya ƙoshi, wando ya matse shi, ya zare marigayiyar ya cusa ta tsakanin katifun kujera. Josie ta je neman alewarta da ta faɗi, ta fito da bindiga riƙe da hannu biyu tana tambayar uwarta mene ne wannan.

Rayanne ta ce, "Baba, ko ka sayi akwatin ƙarfe ka kulle ta, ko ka sayar da ita. In ba haka ba, ƙafar Josie ba ta ƙara taka gidan nan."

Ya ce, "Haba 'yar nan! Bindiga a kulle ai dutse ce. Ɓarawo zai tsaya ne in nemo makulli?"

Ta ɗauki 'yarta ta koma Tulsa. Shekara biyu ba su zo ba.

A yi wa mutum adalci ko da bai cancanta ba: Delbert ya yi kewar yarinyar nan ba kaɗan ba. In Lorene na waya da ita, sai ka gan shi ya raɓe a bakin ƙofa yana ƙirƙirar aikin gyaran da ba a sa shi ba, don dai ya ji muryarta. Ya rame, ya daina surutu a wurin aski. Amma son jikarsa bai kai ya rabu da Trudy ba, son Trudy kuma bai kai ya haƙura da jikarsa ba. Sai ya zaɓi hanyar da ragwaye ke bi. A watan Oktoba ya kira Rayanne ya rantse da kabarin uwarsa cewa ya sayar. Ta ce to, za su zo Idin Godiya, amma da idonta za ta duba gidan.

Daga nan ciwon ajali ya fara. Da safiyar Alhamis ya tsaya a tsakar gida yana tunanin maɓoya, ya ga ƙarƙashin katifa za a duba, mota ma za a duba. Sai idonsa ya faɗa kan tanderun kicin. Tun da gwiwa ta kama Lorene ba ta ƙara kunna shi ba, ma'ajiyar tukwane ya zama. Talo-talon idi kuwa kowace shekara a waje Delbert ke soya shi cikin katuwar tukunyar mai. Ya ɗauko wata tukunya mai murfi, ya kwantar da marigayiyar a ciki da kubenta, cike da harsashi, ɗaya ma a ɗure a wuya kamar kullum, ya tura can ƙurya ya rufe. Ya fito yana yaba wa kansa, wai ai dabara ta fi ƙarfi.

Rayanne ta iso ta cika alkawari. Ta buɗe durowa, ta ɗaga katifu, ta hau kujera ta leƙa saman kabad, ta bincika mota. Da ba ta ga komai ba, sai ta rungume shi tana hawaye ta ce, "Na gode, Baba. Na san ba ƙaramin abu ka yi ba." Shi kuwa gogan ya karɓi rungumar har da bubbuga mata baya, ko kunya babu. Josie ta maƙale a ƙafarsa tana "Kaka! Kaka!" Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan sa'a ba.

Abin da bai sani ba, Rayanne ta zo da kwaɓin kek ɗin kabewa, tana so su gasa da Josie kamar yadda ita ta yi da uwarta. Kuma mutumin da ya shekara sittin da takwas bai taɓa gasa ko dankali a kicin ba, ina zai san ana kunna tanderu ya yi zafi tukuna kafin a buɗe shi? Rayanne ta murɗa maɓalli da hannunta, ta koma kan tebur tana murza kwaɓi.

Can Lorene ta leƙa taga ta ce, "Delbert, me kake ƙonawa a wajen nan? Ƙaurin roba nake ji."

Ya ce, "Hancinki ne dai, tsohuwa. Talo-talona lafiya lau yake."

Josie na zaune a ƙasa daf da ƙofar tanderu, tana jiran a ce ya yi zafi ta sa kek ɗinta. Uwarta ta dube ta ta ce, "Tashi ki wanke hannu, dubi gari har gwiwar hannu." Yarinya ta tashi tana tura baki. Taku uku ta yi.

A nan marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe, kuma ba ta taɓa ɗaga murya haka ba. Daram! Harsashin da ke wuyanta ya fasa tukunya, ya fasa gilashin ƙofa, ya ratsa daidai inda yarinyar ta tashi, ya shige firiji ya huda galan ɗin madara. Sauran bakwai ɗin suka yi ta fashewa cikin tukunya kamar gugguru.

Delbert ya faɗo kicin a guje da ludayi a hannu. Josie na ƙirjin uwarta tana ihu, ɓarɓashin gilashi a gashinta, Lorene ta zube a ƙasa. Ya wuce su duka ukun. Ya tsaya gaban hayaƙi ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo Trudy!"

Madara na ta ɗiga a ƙasa. Rayanne ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Sunanta Josie, Baba. Ita ya kamata ka kira."

Ta fice da 'yarta a kafaɗa. Kafin ɗan sanda ya iso, motarta ta kama hanyar Tulsa, ko loma ɗaya ba su ci ba. Ɗan sandan ya zaro gawar da awartaki, baƙa ƙirin, ta narke ta manne da kubenta. Ya juya ta ya ce, "Kawu Delbert, ta gasu dai, sai dai ba ta ciwuwa." Da ya auna tsayin hudar da ke jikin firiji, ya ji inda yarinyar ta zauna, dariyar ta ɗauke masa. Ya rubuta abin da zai rubuta ya tafi ba sallama.

Marigayiyar ta rasu ta bar kube ɗaya na zuwa coci, da kwali ɗaya da rabi na harsashi, da kwalbar man gogewa wadda har yau ba a ɓalle bakinta ba. Tanderu ya bi ta a take. Firiji na kwance rai a hannun Allah. Ta kuma bar Delbert, wanda yake da rai, yana ci yana sha, in wannan ma abin faɗi ne.

Gawar na ofishin 'yan sanda. Ranar Talata da ƙarfe goma na safe za a yanka ta gida uku a zuba cikin tarkacen ƙarfe. Ba za a yi addu'a ba, fasto ya ce ranar yana da abin yi, ko da an canza ranar. Za a karɓi gaisuwa a baranda, don Lorene ta ce ba a falonta ba. Kada kowa ya kawo abinci, talo-talo na nan ba wanda ya taɓa.

Roƙo ɗaya iyali ke yi ga masu zuwa ta'aziyya. Mai makokin zai riƙe muku hannu, ya ja ku gefe, ya tambaye ku ko kun san sabuwar lambar wayar Rayanne, wai muryar yarinyar kawai yake so ya ji. Zai yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Kada ku ba shi. Lorene tana da lambar, ta ce ba ta bayarwa. Za ta tafi Tulsa bikin Kirsimeti, kuma tikitin mutum ɗaya ta yanka.