Kofin da Ammi Salim Ya Ajiye

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a ɗakinmu na unguwar Ulaisha a Riyad ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Ranar ce ƙarairayina guda biyu, waɗanda na daɗe ina kiwon kowacce a garkenta, suka haɗu a kan darduma ɗaya.

Kafin in zo Riyad na yi aiki a wani ɗan ƙauyen masunta da ke bakin Bahar Maliya. Ba zan faɗi sunansa ba (ba don rufin asirin garin ba, don rufin nawa). Ni mutumin Funtuwa ne, babban ruwan da na sani kafin nan shi ne na kududdufin bayan gidanmu. Aikina tuƙa motar ƙanƙara, in kwashi kifi da sassafe in kai kasuwar birni. Garin masallaci ɗaya gare shi da shago ɗaya, idan kana son yin waya sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama. Ga shiru, har kana jin tarin maƙwabcinka. Wani dattijon masunci, Ammi Salim, shi ya ba ni ɗaki a jikin gidansa, yana ciyar da ni shinkafa da kifi, bai taɓa kirana da sunana ba sai "ya waladi", wato ɗana. Sau ɗaya ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Tun kafin mu yi nisa na mayar wa teku duk abin da na ci, ya dawo da ni yana dariya har da riƙe ciki.

A wajensa na koyi wata al'adarsu da ta burge ni. Idan baƙo ya karɓi kofin gahawa ya ajiye a ƙasa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an amsa masa. Mai gida na ƙwarai yakan ce, "Sha gahawarka, buƙatarka ta biya." Da zarar ya faɗa, baƙon ya sha, magana ta ɗauru, babu janyewa.

Bayan na baro garin ne ya rikiɗe. Yadda Ammi Salim ya ba ni labari a waya, wani attajiri ne iska ta tilasta wa jirgin ruwansa tsayawa a wajen. Ya ga ruwa garai-garai har ana hango yashin ƙasa, ya sauka ya yi yawo cikin gari, ba wanda ya san ko shi wane ne. Wannan rashin sanin shi ya fi yi masa daɗi. Ya koma ya gaya wa abokansa. Sai wata mawaƙiya ta zo ta ɗauki hoto ta saka a waya, daga nan aka shimfiɗa kwalta, aka kakkafa ɗakuna a kan ruwa, aka kawo ƙananan jiragen sama masu sauka a teku. 'Yan ƙwallo da 'yan fim suka fara zuwa hutu da iyalansu. Shirun nan da nake kuka da shi, ashe shi ne hajar. Mutanen da duniya ta dame su da neman hoto suna biyan dukiya don su sami inda ba mai kallonsu. Na tuna Ammi Salim ya taɓa ce mini, "Mun ƙaura, ya waladi." Ban tambaye shi ina ba, don a lokacin ina sauri ne in ba shi nawa labarin.

Nawa labarin kuwa shi ne ƙarya ta farko. Kafilina, wato Balaraben da takardar zamana ke hannunsa, mai sayar da tayil ne a unguwar Suwaidi. Aikina in kai yaransa makaranta, in kai uwargida kasuwa, in jira a mota. Amma abin da na gaya wa Ammi Salim shi ne kafilina hamshaƙi ne, yana cikin masu gida a sabon wurin hutun, kuma ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakina. Har hoto na tura masa ina jingine da wata baƙar mota a ƙofar otal (mai motar yana ciki yana cin abinci, bai san ina raye ba).

Ƙarya ta biyu a Ulaisha na shuka ta. Duk sanda wani ya nuna hoton wani ɗan ƙwallo kwance a bakin ruwan nan, sai in gyara zama in ce, "Ai garina ne." Da farko Ammi Salim masunci ne a bakina. Da na ga ana saurare sai ya zama mai unguwa. Daga baya ya zama mai gaɓar gaba ɗaya, wanda ko mai share-share ba a ɗauka sai ya gyaɗa kai. Abokai suka raɗa mini Sarkin Ruwa, ni kuma na amsa ba kunya.

Da a nan abin ya tsaya, da surutun majalisa ne kawai. Amma akwai Ila.

Ila mutumin Maraɗi ne, magidanci mai mata da 'ya'ya a gida, yana aiki a wani shagon dardumai a kasuwar Dira. Kafilinsa ya yanke shawarar rufe shagon, iƙamar Ila kuma, wato takardar zamansa, ta kusa ƙarewa. Ko dai ya sami sabon kafili kafin lokacin, ko ya haɗa kaya ya koma gida. Sai ga wani mai gona a wajen gari yana neman mai kula da tumaki, ya ce Ila ya ba shi amsa da wuri. Ila ya zo wajena neman shawara.

"Yaya, mi ka gani? In amsa mishi?"

"Tumaki?" na ce, har da yamutsa fuska. "Ka baro tumaki a Maraɗi ka zo Saudiyya kiwon tumaki? Dakata. Ammi Salim yana nan zuwa Riyad ganin likitan ido. Kalma ɗaya zan yi masa, ka wayi gari kana miƙa wa 'yan ƙwallo tawul."

Gaskiya ne zai zo, ya kira ni ya faɗa. Kuma wallahi a raina na ɗan yarda cewa mutumin da aka haifa a garin ba zai rasa wanda ya sani a ciki ba (ƙarya idan ka daɗe kana faɗinta, kai ne mutum na farko da take cinyewa). Ila ya ce wa mai gonar ya ba shi lokaci.

Niyyata in sadu da dattijon ni kaɗai a asibiti. Amma Ila ya riga ya baza labari. Malam Habu, babbanmu a ɗakin, Bazazzagi da ya fi mu daɗewa a ƙasar kuma ya fi mu Larabci, ya ce irin wannan baƙo ba a barinsa ya ci abincin asibiti. Aka yi karo-karo aka yi odar kabsa, wato dafa-dukar Larabawa, da naman rago, aka aro butar gahawa mai dogon baki daga maƙwabta, aka turara ɗaki. Ila ya kai jallabiyarsa wajen guga, ya yi aski.

Muna dawowa daga masallacin Juma'a sai ga tasi ta tsaya. Ammi Salim ya fito, ido ɗaya a rufe da auduga, jallabiyarsa ta koɗe, takalminsa na roba, yana riƙe da leda cike da busasshen kifi. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya rungume ni yana "ya waladi, ya waladi", har ƙwalla ta zo mini. Na ji wani a bayana yana raɗa, "Ka ga manyan masu kuɗin nan, haka suke, ba sa nunawa." Na juya na gyaɗa kai.

Aka zauna. Na ɗauki buta da hagu, na zuba gahawa na miƙa masa da dama, yadda ya koya mini. Ya karɓa, ya dubi kofin, ya ajiye shi a kan darduma bai sha ba.

Mai hankali da ya ga haka zai ji gabansa ya faɗi. Ni daɗi na ji, don ga damar nuna sani ta zo. Na juya wajen abokai na yi musu bayanin al'adar da Hausa tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa. A zatona bai wuce ya ce in riƙa kai shi asibiti ba. Na bugi ƙirji na ce da Larabci, da ƙarfi don kowa ya ji, "Sha gahawarka, ya ammi, buƙatarka ta biya!"

Ya yi murmushi, ya ɗauki kofin ya shanye. Sannan ya fara magana a hankali, da Larabcinsu na bakin teku.

"Ya waladi, ka san an tashe mu daga gaɓa. Ba zan yi ƙarya ba, an biya mu, an gina mana gidaje masu kyau a kan tudu, har da na'urar sanyaya ɗaki. Amma daga tagata ba a ganin ruwa. An sa ƙofa a hanyar gaɓar, da masu gadi. Na je sau da yawa, yaran suna da ladabi, suna kirana baba, amma sun ce sai da izini. Kwalekwalena yana tsakar gida, kaji na kwana a ciki. Ka yi wa kafilinka magana, tunda yana da gida a can kuma yana jin maganarka. A bar ni in shiga ko sau ɗaya kafin ɗaya idon ya tafi. Ba zan dami kowa ba, ba zan ɗauki hoton kowa ba."

Waɗanda suka ji Larabcin suka sunkuyar da kai. Ila kuwa Larabcinsa na ciniki ne, bai wuce farashi da gaisuwa ba. Ya tsinci kalmar kafili da kalmar izini, fuskarsa ta washe. Ya matso kusa da ni.

"Yaya, mi ya ce? Maganar aikin ce?"

Na dubi Malam Habu ko zai cece ni. Ya ci gaba da jan carbinsa, ya ce, "Kai ya tambaya, Sarkin Ruwa."

Da bakina na fassara. Ban rage komai ba, don akwai shaidu. Na ji muryata tana gaya wa Ila cewa mai gaɓar gaba ɗaya ba ya iya wuce mai gadi, kuma ya taso takanas ne neman alfarma a wajen direban 'yan makaranta. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Na ɗauka Ila zai tashi ya shaƙe ni, kuma da ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Ya dubi dattijon, ya ce, "Allah sarki. Ashe shi ma ƙofa yake nema." Ya jawo farantin kabsa, ya riƙa yago nama mai laushi yana turawa gaban Ammi Salim yana cewa, "Tafaddal, baba, tafaddal." Dattijon ya ci da daɗin rai, yana ba su labarin ranar da na yi amai a kwalekwale. Kowa ya yi dariya, amma ba wanda ya kalle ni.

Washegari Ila ya kira mai gonar. An riga an ba wani.

Ya yi ta yawo daga shago zuwa shago, ni ma na bi shi inda zan iya, har kafilina na roƙa (karo na farko ke nan da na yi masa maganar da ta wuce "to" da "an gama"). Ya saurare ni, ya ce shi tayil yake sayarwa, kuma yana da ma'aikata isassu. Lokaci ya cika, Ila ya haɗa kaya. Ni na kai shi filin jirgi. A hanya na yi ta ba shi haƙuri har ya gaji ya ce, "Yaya, bari. Ni ma kwaɗai ya ja ni. Sai dai da ka hwaɗa mini gaskiya, da yanzu ina cikin tumaki ina aika wa yara abin makaranta." Bai ɗaga murya ba, kuma har yau wannan maganar ba ta bar kunnena ba.

Ammi Salim ma daga baya na kira shi na gaya masa ko ni wane ne. Ya ce, "Ba komai, ya waladi." Bai ambaci gahawar ba. Ni ne nake tunawa cewa ya sha ta, kuma a al'adarsu har gobe ina ɗauke da wannan alkawari.

Busasshen kifin nan da ya kawo, Ila muka sa wa a jaka ya kai wa iyalinsa. Shi ne kaɗai abin da ya samu daga garin taurarin da na yi masa alkawari. Yanzu idan aka nuna hoton garin a majalisa, sai in ce zan je alwala, in sulale. Idan wani ya nemi shawarata, nakan fara da gaya masa cewa ni direban yara ne. Kuma duk wanda ya ajiye kofi a gabana bai sha ba, sai na tambaye shi abin da yake so tukuna, ko da kuwa zafi ne ya yi masa yawa.